Kwana Bakwai Muna Taunar Ɗanyen Wake a Maamobi

Tun da na dawo daga Accra ba ku bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Wannan ya ce yaya hanya, wancan ya ce da gaske ne a Hausarsu babu mace, wani kuma ya ja ni gefe ya ce me ya sami haƙorin Malam Garba. Sau uku ina fara labarin a majalisa, kowane karo Garba na katse ni yana ƙara gishiri. To ga shi a rubuce. Kowa ya karanta, a bar ni in huta.

Abin da ya kai mu shi ne auren Nura, ɗan ƙanena. Shekararsa shida yana gyaran waya a Circle, babbar mahaɗar motoci ta Accra, har ya ga wata ma'aikaciyar jinya mai suna Adiza, suka daidaita. Uba ba ya zuwa nema wa ɗansa aure, sai baffa, kuma dangi suka ce ni ne na fi dacewa. Na yi shekara talatin ina fataucin fata, na sha zuwa Tarabulus da Jidda da Landan da Italiya, ina jin Larabci da Faransanci da Turanci, da ɗan Italiyanci na ciniki. Aka haɗa ni da Malam Garba, ɗan gwaggona, taubashina, wanda nake kira bawana shi ma yake kirana nasa. Bai taɓa wuce Zariya ba. Haƙora huɗu ne suka rage masa, biyu sama biyu ƙasa, kuma Allah ya taimake shi suna fuskantar juna. Ya rantse ba zai hau jirgi ba, don haka aka tsara mu biyu mu riga tafiya ta mota mu tsayar da magana, mata su biyo mu a jirgi ranar Asabar ta sama, a ɗaura aure Lahadi.

Daga Kano zuwa Legas ba ni da abin faɗa sai kumburin ƙafa. A Legas muka shiga ƙaramar mota mai bin gaɓar teku. A iyakar Seme aka ce kowa ya fito da fasfo da katin rigakafi mai ruwan ɗorawa. Na miƙa nawa. Garba ya laluba aljihun gaba, ya laluba na gefe, ya cire hula ya leƙa ciki. Can sai ga katin ya fito daga ƙunshin goro. Ashe tare ya naɗe su a ganye don kada katin ya ɓata, kuma tun daga Kano yake yayyafa musu ruwa safe da yamma. Jami'in ya ɗaga katin da yatsa biyu yana ɗiga, ya dube shi, ya dubi Garba, ya ce da Faransanci, “Mutumin lafiyarsa ƙalau, katin ne ke buƙatar likita.” Ya buga hatimi yana dariya. Na fassara wa Garba, ya ce ƙarya nake, ya ga fuskar mutumin, yabonsa aka yi.

A Kwatano na saya mana burodin nan nasu dogo, Garba ya juya shi ya ce na ci ne ko na korar awaki. Da teku ya bayyana a hannun hagu kuwa sai ya ƙura masa ido. Na zaci tasbihi yake. Can ya ce, “Duk wannan ruwa, ba wanda ya shuka ko albasa a bakinsa?” Ba mu yi nisa ba sai ga fadamun albasa jere a kan rairayi, mata na ban ruwa. Ya sauke ajiyar zuciya ya ce, “Ashe suna da hankali.”

Togo kafin ka gama taunar goro ɗaya ka ƙetare ta. Amma a bakin iyakarta akwai wani ɗan ƙaramin abu da ya kamata in yi ban yi ba, kuma shi ne ya jawo duk abin da za ku ji.

Muka kwana a Aflao, garin farko na Ghana, da hantsi muka shiga Accra ranar Asabar. Nura ya tarye mu, ya kai mu Nima, ɗakin baƙi na gidan da yake haya. Lunguna ne matsattsu, gida na jingine da gida, ko ina rediyo da kiran salla da ƙamshin suya. Hausa kuwa kowa na yi, Badagombe da Bamoshe da Bazabarme da wanda ma bai san asalin kakansa ba, sai dai sun sauƙaƙa ta. Mace “ya zo”, namiji “ya zo”, akuya ma “ya zo”. Garba ya ji an ce “matan liman ya haihu”, ya riƙe baki. Suna tsarma Turanci da harsunan Tuwi da Ga a tsakiyar magana kamar mai barbaɗa yaji, “paa” a madadin sosai, “kraa” a madadin sam. Kokonmu yana nan, ƙosai yana nan, tuwo yana nan suna ce masa tuwon zafi. Wake da shinkafa kuwa a can ya yi arziki. Suna rubuta shi waakye, suna furta “waace”, ana dafa shi da karan dafi, wannan dai da muke rina jar fata da shi, ya fito ja-ja-wur, a zuba a ganye da taliya da ƙwai da ganda da wani baƙin yaji mai suna shito. Kuma a duk Maamobi, unguwar da ke ƙetaren babbar kwata daga Nima, babu tukunyar da ake yi wa layi kamar ta Mma Memuna, uwar Adiza. Shekararta talatin a kan sana'ar.

Nura ya ce mu yi wanka mu huta, zai rufe shago ya dawo ɗaya da rabi ya ɗauke mu, an gayyace mu cin abinci ƙarfe biyu. Ya ƙara da cewa Adiza ce da kanta za ta dafa, don baffannin miji su ɗanɗani hannunta.

Muka yi azahar a masallacin bakin lungu. Na duba agogon hannuna, ɗaya da rabi ta wuce, babu Nura. Biyu saura kwata, babu Nura. Ni kuwa akwai abu ɗaya da na koyo a wajen Turawa nake alfahari da shi, ba na latti. Na ce wa Garba yaran yanzu ba su san girman surukai ba, tashi mu tafi. Ba mu sha wahalar nema ba, duk wanda ka ce wa “gidan Mma Memuna” sai ya nuna maka da baki yana haɗiyar yawu. Biyu daidai a agogona muka yi sallama.

Na lura da wata 'yar guje-guje a tsakar gida, amma na ɗauka murna ce. Kawun yarinyar, Alhaji Fuseini, wani dogon Badagombe mai fara'a, ya fito yana ɗaura maɓallin riga. “Akwaaba, Alaji, sannu da zuwa! Kun yi sauri paa!” Aka shigar da mu falo. Al'adarsu ta burge ni. Ana gaisawa ne daga dama zuwa hagu, ba a tsallake kowa. Sai a ba ka ruwa. Sai ka sha sannan a tambaye ka abin da ya kawo ka, ko da kuwa su suka aiko maka da goron gayyata. Na yi bayani, aka yi addu'a. Daga nan Alhaji Fuseini ya fara leƙa ƙofa yana kira, “Mma! Baƙi ya zauna! Baƙi ya zo daga Kano, kwana uku a mota!” A wajensu barin baƙo zaune babu kwano a gabansa abin kunya ne babba. Ya kira sau uku. A na huɗu aka shigo da tire.

Kyau kam ya yi kyau. Na kai loma ta farko, na ji garas. Waken kamar tsakuwar da aka jiƙa, shinkafar kuma kowace ƙwaya da farar zuciyarta a tsaye. Na dubi Garba, na ga yana juya loma ɗaya daga kunci zuwa kunci yana neman inda zai ajiye ta.

Mma Memuna ta shigo gaishe mu, mace mai jiki da kwarjini. Ta dubi bakin Garba sau ɗaya, ta ɗauki cokali ta ɗanɗana daga gefen tiren. Na ga fuskarta ta sauka. Ta juya wajen labule, inda Adiza ke tsaye, ta faɗi kalma ɗaya da Turanci, a hankali, kamar mai sanar da rasuwa: “Undercooked.” Ta ce mana, “Alaji, ku yi haƙuri. Shekara talatin ba wanda ya taɓa faɗa wannan a kan tukunyan gidana. Yau ranan farko, a gaban suruki.” Adiza ta fito ta durƙusa.

Kalmar nan na san ta sarai. Ba ɗanye take nufi ba. Ɗanye bai ga wuta ba, kuma ba laifin kowa ba ne. Wannan kuwa ya ga wuta, aka raba su ba su gama ba. Kalmar tuhuma ce, ba a faɗarta sai ana ƙarar mai girki. Na ga Bature a Landan ya mayar da kaza da ita, na gan ta a rubuce a takardar gargaɗi a gidajen abinci, har shirin da mutum ya kawo bai gama tunani a kansa ba sukan jefe shi da ita. Amma ga abin da na daɗe da lura. Naman da jini ke ɗiga daga cikinsa, in Baturen ne ya nema da bakinsa, sai sunan ya koma rare, a kawo masa da girmamawa. Taliyar da mu za mu ce a mayar kan wuta, a Italiya sunanta al dente, kuma ita ce ta gwanaye. Abinci ɗaya, wuta ɗaya. Bambancin kawai, wa ya nema.

Nan na hango ƙofa. In na ce ni nake so haka, laifi ya tashi daga kan yarinya.

Na ce, “Hajiya, wane haƙuri? Wa ya gaya muku sirrinmu? Ai mu a Kano, gidajen da suka san abinci, haka muke ci. Luguf ɗin nan na marasa lafiya ne.” Na kawo Italiya, na kawo Landan, na cika baki da loma na tauna da ƙarfi har ana ji daga ƙofa. Garba ya taka mini ƙafa. Na ce, “Ga Malam Garba nan, in wake bai yi ƙara ba ba ya ci.”

Garba ya haɗiye tasa lomar ɗungurungum, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, “Haka ne.”

Alhaji Fuseini ya tafa hannu. “Ka gani! Mutum ya yi yawo, ya san abu!” Fuskar Mma Memuna ta ɗan saki, ko da yake ta daɗe tana kallona. Muna cikin haka Nura ya faɗo a guje yana gumi. Ya gaida kowa, ya matso kunnena ya ce, “Baffa, ƙarfe ɗaya kuka zo. Ghana na bayan Najeriya da awa guda.”

Ni da na juya agogo a Jidda, na juya a Rum, na juya a Landan. Ban taɓa kawowa a raina ƙasar da ake sayar da ƙosai ana kiran ka Alaji tana buƙatar a juya mata agogo ba. Yarinya ba ta yi kuskuren komai ba. Ni na sauke mata tukunya da ƙafata.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Washegari da rana aka aiko mana da kwanuka daga Maamobi: waakye garas-garas, an sauke shi musamman dominmu. Litinin doya, waje fari ciki ƙashi. Talata dafa-duka mai ƙara kamar ana tafiya a kan tsakuwa. Kuma a zango labari ba ya kwana. Mai kokon bakin lungunmu ta fara tsame mana ƙosai tun bai yi ja ba, tana kira, “Alaji Kano, naka ya fito!” Ka ɓare shi, ƙullu na kallonka. Mai tsire, abin da suke ce wa cicinga, yana hango mu sai ya ɗauke tsinke biyu daga wuta yana murmushi irin na wanda ya san manya. Wasu samari ma suka fara zuwa wajen Mma Memuna suna cewa a ba su “na Kano”. Aka tambayi Nura me ya sa shi bai taɓa nema ba, ya sunkuyar da kai ya ce ya daɗe a Accra, bakinsa ya lalace. Me zai ce? Baffansa ne.

Maganar aure kuwa tana tafiya lafiya lau. Mun kai goro, an karɓa, an sa albarka. Ciki ne kawai ke yaƙi. Kullum da safe ni da Garba muna layi a ƙofar banɗaki ba ma ko gaisawa.

Ranar Laraba haƙorin ya tafi. Na ƙasa, na hagu, wanda Garba ya fi amincewa da shi. Ya ciza wani wake, muka ji ƙas, ya tofa a tafin hannu, muka rasa wanne ne waken wanne ne haƙorin. Ya wanke shi, ya ƙulle a gefen hankici. Ya ce, “Shekara sittin da takwas muna tare. Ya ci ƙashin rago, ya ci rake, ya ci aya. Ƙaryarka ce ta kashe shi. Ga na sama nan ka mayar da shi gwauro.” Daga ranar, duk safiya sai ya kwance hankicin ya ajiye mini kusa da kofin shayi.

Alhamis muka shiga Kasuwar Makola cikon kayan lefe. Kasuwa ce ta mata, su ne masu rumfa, su ne masu faɗa a ji, har masu dako mata ne, da manyan bahuna a ka, ana kiransu kayaye, daga kalmarmu ta kaya. Da muka gama na ce wa Garba nan ba wanda ya san mu, zo mu saci jiki. Muka gangara Zongo Lane, tsohuwar unguwar baƙi, muka sami wata mai tuwo a bayan masallaci. Na yi sallama, na ce tuwo da miyar ayoyo. Matar ta tsaya da mara a hannu.

“Wannan Hausa na Kano ne. Ku ne surukin Mma Memuna?”

Kafin in ƙirƙiro wani gari, Garba ya ce mu ne.

Ta dafe ƙirji. “Wayyo, ku yi haƙuri! Ban san za ku zo ba. Tuwo ya riga ya nuna, nama ma ya yi laushi duka. Ba ni da ɗanye kraa.”

Garba ya ce, da wata murya ta waliyyai, “Baiwar Allah, zuba. Mu baƙi ne, ba ma zaɓe. Mun yafe miki.” Malmala huɗu ya ci yana yafe mata, hawaye na bin gemunsa. Matar ta ce ba ta taɓa ganin masu haƙuri irin mutanen Kano ba.

Ranar Juma'a bayan masallaci Mma Memuna ta aiko a kira ni. Ta nuna mini tukwane biyu a tsakar gida, kowacce yaro zai iya wanka a cikinta. Ta ce ƙaramar ta mutanen Accra ce. Babbar ta baƙin Kano, mata goma sha takwas da za su sauka gobe ƙarfe huɗu, kuma da ita za a tarye su. “Kwana shida ina koyo, Alaji. Hannuna ba ya so. In na janye wuta, zuciyana yana ciwo. Amma ɗiyana zai shiga gidanku. Ba na so danginku ya ce uwan Adiza bai san abin da suke ci ba.”

Ku da kuka san gidanmu kun san wadda ke jagorantar matan nan: Yaya Asabe, babbar yayata. Shekara ashirin da suka wuce wata mata ta cika gishiri a miyar biki, har yau in an ambace ta Yaya Asabe sai ta ce, “Wace? Mai gishiri?” Matar ta yi jikoki, ta je Makka sau biyu, sunan bai goge ba. Na hango Yaya Asabe ta kai lomar waken nan baki a gaban mata goma sha bakwai. Na hango sunan da Mma Memuna za ta ɗauka, da wanda Adiza za ta shiga da shi gidanmu ta zauna da shi har tsufa. Duk na hango. Na buɗe baki na ce, “Madalla, Hajiya.” Na fito ina zagin kaina da harsuna huɗu.

Asabar da hantsi Adiza ta zo masaukinmu da farar rigar aikinta, ta kawo wa Garba maganin ciki. Ta durƙusa ta gaishe mu, ta dube ni.

“Baba, ina da tambaya. Nura shekara uku yana cin waakye na Mma. In bai yi laushi ba, ba ya ci. Shi ba ɗan gidanku ba ne?”

Na ce, “Tun yaushe kika sani?”

“Tun ranan farko. Na ga idon Baba Garba.” Ta danne dariya. “Na gode da abin da ka yi mini. Wallahi ranan nan da ƙasa ya buɗe da na shiga. Amma Baba, ni ba zan iya ce wa Mma baffan mijina ya faɗi abin da ba haka ba. Nura ma ba zai iya ba. Kai kaɗai ne. Kuma an riga an ɗora tukunya.”

Garba ya miƙe ya sa hula, ya ɗauki hankicinsa. “Tashi, bawa. Ni zan riƙe shaida.”

Ban san ina da sauran gudu a ƙafata ba sai ranar. Muka ƙetare kwata, muka kutsa lunguna, mai cicinga na ɗaga mana tsinke muna wucewa. Gidan cike da mata, wajen arba'in, duk cikin atamfa iri ɗaya, abin da muke ce wa anko su suke ce wa yayi. Wasu na daka, wasu na yankan albasa, wasu na waƙa. Wuri ne da namiji ba ya shiga. Na shiga. Daidai lokacin Mma Memuna ta sunkuya ta kama itacen farko za ta janye daga ƙarƙashin babbar tukunya.

Na ce, “Hajiya, mayar da itacen nan!”

Taɓarya ta tsaya a sama. Waƙa ta mutu.

Na cire agogona, wanda na bari a kan lokacin gida don kiran iyali, na miƙa mata. Na ce ta duba shi ta duba na bangonta. Na ce ranar nan ba Adiza ce ta yi sakaci ba, ni ne na zo kafin lokaci da awa guda. Na ce babu gida ɗaya a Kano, babba ko ƙarami, da ake cin wake yana ƙara. Mu ma luguf muke so, har ya fi naku. Na ga yarinya a durƙushe ne, bakina ya riga hankalina. Garba ya matso ya kwance hankici a gabanta.

Ta dubi agogo. Ta dubi haƙori. Ta dube ni, ludayi a hannunta, ni kuwa ina auna nisan ƙofa.

Wata tsohuwa daga baya ta ce, “Me ya ce?” Aka juya mata da Dagbanci. Ta ƙyalƙyale. Na kusa da ita suka tambaya, aka juya musu da Tuwi, suka fashe. Aka juya da Ga, aka juya da Zabarmanci. Haka dariyar ta riƙa cin gidan kusurwa kusurwa, kowane harshe da lokacinsa, har ta zagayo kan Mma Memuna. Ta zauna daɓas a kan buhun shinkafa, tana dariya tana share ido da gefen mayafi.

“Alaji! Kwana bakwai ina janye wuta ina istigfari! Kwana bakwai! Na ce wane irin mutane ne Allah ya haɗa ni da su?” Ta numfasa. “Mutum ya yi ƙarya don ya rufa wa ɗiyana asiri, ba zan iya fushi ba. Amma ba zan bar shi haka ba kraa.”

Ta tura itacen ciki da ƙafa, ta ƙara biyu. Ta sa aka kifa turmi a gaban murhu, aka ba ni mafici. Garba kuwa aka kawo masa kujera mai hannu, aka sa masa matashi. Ta yi shela cewa ba za a sauke tukunyar nan ba sai Baba Garba ya murƙushe wake da dasashi ya ce ya yi.

Jama'a, na ga mulki a ƙasashe da yawa, ban ga irin na Garba a kujerar nan ba. Duk bayan ɗan lokaci a kawo masa ƙwaya ɗaya a cokali. Ya rufe ido, ya juya ta, ya ce, “Da saura. Fifita, bawa.” Ina fifita, hayaƙi na shiga idona, babbar rigata ta yi baƙi, mata arba'in na yi mini waƙa da sunan Alaji Kano. Na tabbata waken ya nuna tun a cokali na biyar. Sai a na tara ya ɗaga yatsa ya ce, “Sauke.”

Matanmu suka iso da la'asar. Aka yi gaisuwa daga dama zuwa hagu, aka ba su ruwa, aka tambaye su abin da ya kawo su, Yaya Asabe ta dube ni ta ce, “Ba ka gaya musu ba ne?” Sai aka shigo da tire. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon hannunta. Ta kai loma ɗaya. Ta kai ta biyu. Ba ta tsaya ba har ta ga ƙasan kwano, ta suɗe yatsu.

“Wa ya dafa wannan?”

Mma Memuna ta tura Adiza gaba.

Yaya Asabe ta dube ta sama da ƙasa, ta miƙa mata kwanon. “Ƙaro mini, 'yata. Gidan nan sun san wuta.” Sannan ta juyo kaina. “Kai kuma me ya sami rigarka?”

Aka ɗaura aure Lahadi lafiya. Yau in kun ambaci surukarmu ta Accra a gaban Yaya Asabe, za ta ce, “Wace? Mai waken nan?” ta haɗiyi yawu. Mutum ɗaya ne kawai bai ji daɗin tonuwar asirin ba, Alhaji Fuseini. Shi da gaske ya saba, har yanzu wai sai an ɗebar masa nasa kafin a sauke.

Ranar da za mu taso, Mma Memuna ta rako mu tasha da kanta. Ta ba Garba kwano mai murfi, waakye luguf da ganda da ta kwana a wuta, ta ce na hanya ne. Ni kuma ta miƙo mini wani ƙunshi mai nauyi, an ɗaure shi da kyau da sabon ƙyalle, ta ce kada in buɗe sai mota ta tashi. Muna fita daga Accra na kwance. Wake ne mudu guda, da shinkafa, da damin karan dafi, busassu ƙayau. A sama ga 'yar takarda da rubutun Adiza, amma maganar ta uwarta ce:

“Alaji Kano, ga naka yadda kake so. Wannan ko wuta bai gani ba.”